Ƙaramin Cizo A Ka, Da Lambarsa A Littafin Asibiti

A kowane babban asibiti na Abuja, tun daga na cikin gari har ya zuwa na Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, akwai wani ɗaki wanda majiyyaci ke fara tsayawa a bakin tagarsa, sa'an nan in ya wuce ba ya ƙara tunawa da shi. Shi ne ɗakin kati. Jama'a sun ɗauka aikin mutanen da ke ciki bai wuce su tambayi suna da shekaru da unguwa su miƙo kati ba, alhali kuwa babban aikinsu sai bayan likita ya gama nasa yake somawa. A lokacin ne ake komo musu da katin, su duba abin da likita ya rubuta, su juya shi zuwa harafi ɗaya da 'yan lambobi. Zazzaɓin cizon sauro wanda ba a tantance irinsa ba ya zama B54, kwalara ta zama A00, haka dai har iyakar cututtukan ɗan Adam. Wannan lamba ita ce ke fita daga asibiti ta tafi inda majiyyaci ba zai taɓa zuwa ba, watau teburin mai biyan kuɗi da teburin mai ƙidaya. A can ba wanda ya ga fuskarsa, ba wanda ya ji kukansa. Abin da lambar ta faɗa, shi ne abin da ya same shi.

A ɗaya daga cikin waɗannan ɗakuna akwai wani dattijo wanda ya yi shekara talatin da 'yan kai yana wannan aiki. A Zariya ya koyo shi, ya zo Abuja cikin shekarun da ma'aikata suka yi ta kwararowa bayan an taso da gwamnati daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991. Tun daga likitoci har masu shara, Baba Mai Kati suke ce da shi, da yawa ma ba su san ainihin sunansa ba. Mutum ne marar yawan magana, mai farar hula da tabarau, kuma ko da yake an daɗe da girke masa kwamfuta a kan tebur, bai yarda an ɗauke manyan littattafansa guda uku daga kan kanta ba. Na farko jerin cututtuka ne, na biyu ƙa'idodin aiki, na uku kuwa fihirisa. Bakin shafukansu duk ya yi baƙi don yawan buɗawa.

Littafin nan ba a Nijeriya aka shirya shi ba, kuma asalinsa ba don kuɗi aka yi shi ba, don matattu aka yi shi. A 1662 wani ɗan kasuwa na Landan mai suna John Graunt ya tattara takardun mace-mace da akan fitar mako-mako a birnin, ya zauna ya ƙidaya abin da ke kashe mutane. Bayan shekara ɗari biyu da talatin da ɗaya, a 1893, wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya kawo wa taron masana ƙididdiga a Shikago jerin musabbaban mutuwa wanda ƙasashe za su yi tarayya a kansa, don kada likitan wannan ƙasa ya kira cuta da wani suna, na waccan ya kira ta da wani. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar jerin, aka shigar da cututtukan masu rai da raunukansu. Bugu na tara shi dattijon ya koya a makaranta, inda cizon kare yake E906.0, ciwon haukan kare kuwa 071, kuma har gobe in an tashe shi daga barci zai faɗe su. Bugu na goma, wanda aka amince da shi a 1990, shi ya tsufa a kansa. An amince da na goma sha ɗaya a 2019, ya soma aiki a farkon 2022, amma raba dubban asibitoci da littafin da suka saba da shi ba aikin kwana ɗaya ba ne. Masu inshora daga baya suka zo, suka ga ai ga jeri a shirye wanda za su riƙa biyan kuɗi a kansa. Rigar wani ce aka sa wa wani. Ta rufe jiki, amma tana ɗamewa a hammata.

Babi na 19 na bugu na goma shi ne na raunuka, kuma daga ka ya soma ya gangara zuwa ƙafa. Saboda haka lambar farko, S00, ita ce ta raunin ka na bisa-bisa, kamar ƙujewa da kumburi da ƙwarzane. In a fatar kai ne sai a ce S00.0, in a hanci S00.3, in a kunne S00.4, in kuwa a leɓe ne ko cikin baki S00.5. Mai bi mata, S01, ita ce ta buɗaɗɗen rauni, wanda fata ta tsage ko ta huje. To, a nan akwai wani abu wanda sai mai haƙurin karatu ke lura da shi. Waɗanda suka shirya littafin Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa cizon ƙwaro marar dafi a cikin raunukan bisa-bisa, amma cizon dabba sai suka kai shi cikin buɗaɗɗun raunuka kai tsaye. Watau a wurinsu babu wani gurbi mai suna ƙaramin cizon dabba. Sa'an nan babi na 20 ya tanadi lamba ta biyu, wadda ke faɗin wanda ya yi ɓarnar: W53 ɓera, W54 kare, W55 sauran dabbobi masu shayarwa, tun daga kyanwa har jaki da raƙumi, X20 maciji mai dafi, X22 kunama. Cizon ɗan Adam ma yana da gurbinsa, abin da ba zai ba malamin firamare ko mai rabon faɗa a famfo mamaki ba.

Amurkawa kuwa, da yake a ƙasarsu kowane ɗigon magani sai an rubuta masa takardar biya, ba su ga wannan ya ishe su ba. Sai suka faɗaɗa littafin ya kai lamba wajen dubu saba'in, suka soma aiki da shi ran 1 ga Oktoba, 2015. A cikin nasu har wanda agwagwa ta buge yana da lambarsa. Su ne suka buɗe ƙofar da aka rufe, suka yi gurbin cizo na bisa-bisa wanda ba na ƙwaro ba: S00.07 a fatar kai, S00.37 a hanci, S00.87 a sauran sassan kai. Suka ƙara harafi a ƙarshe, A in ana cikin maganin raunin ne, D in komowa ce bayan ya soma warkewa, S kuwa in wata illa ce da ya bari. Ba laifi suka yi ba, don kuwa akwai cizon da ba ya huda fata, kuma sun yi gargaɗi a ƙarƙashin lambar cewa in fata ta buɗe a koma S01. Sai dai gargaɗi sai mai karantawa. Da kwamfuta ta shigo ɗakunan kati, waɗansu na'urorin da aka sayo wannan jeri na Amurka ne a cikinsu, kuma yaron da ke zaune a gabanta ba ya buɗe littafi. Kalma ɗaya yake bugawa, jeri ya zubo, ya ɗauki wadda ta fi kusa da hannunsa.

Wata ranar Litinin da hantsi, cikin damina, aka kawo wa dattijon katunan daren jiya kamar yadda aka saba. A cikinsu akwai na wata yarinya 'yar shekara biyar, 'yar wani direban kamfanin gine-gine da ke zaune a wata unguwa ta bayan gari, kan hanyar Zuba. Ran Lahadi da yamma ta sunkuya za ta ɗauki takalminta kusa da wata babbar mota da aka ajiye, ashe akwai kare kwance a ƙarƙashi, ya ɗago ya cafke ta a bisa kunne ya gudu. Ba wanda ya san karen wane ne. Raunin kuwa ɗigo biyu ne, in ba a ɗaga gashi ba ba a ganinsa. Uban ya ɗauko ta a bayan babur ya kawo ta asibiti bayan isha'i, ya tarar da likita ɗaya tal, ga waɗanda suka yi haɗarin mota kwance har a baranda. Likitan ya duba ta, ya rubuta a gurguje cewa ƙaramin cizo ne a fatar kai, ya ce a wanke, a yi mata allurar sarƙe-haƙora, a kuma soma mata rigakafin haukan kare. Duk abin da ya kamata likita ya umarta ya umarta. Yaron da ke kwana a kan kwamfuta ya buga kalmar cizo, ya ɗauki S00.07XA, ya aika wa kamfanin inshorar da wurin aikin direban ya yi wa ma'aikatansa rajista da shi.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda kuɗin ke tafiya. An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da doka ta 35 ta 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005, sa'an nan a watan Mayu na 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, mai hedkwata a Abuja, ta kuma wajabta inshorar a kan kowa. A tsakanin asibiti da mai biya akwai kamfanonin dillanci waɗanda aka fi sani da HMO. Biyan iri biyu ne. Akwai kuɗin da akan ba asibiti kowane wata a kan kowane mutum da ya yi rajista a can, ya zo ko bai zo ba, kuma a cikinsa ne ake ɗauke ƙananan abubuwa kamar zazzaɓi da wanke rauni da ɗaure shi. A tsarin ma'aikatan gwamnati an ƙayyade wannan kuɗi Naira 750 a 2012, ya zauna haka fiye da shekara goma kome na tashi a kasuwa, a 2025 kuma aka kai shi Naira 1,450. Iri na biyu shi ne na aikin da ya fi wannan girma, wanda asibiti ba ya taɓawa sai ya nemi izni daga kamfani, don in ya yi ba izni shi zai biya kansa.

Amsar da ta komo a daren nan gajeruwa ce. An ce raunin bisa-bisa ne, yana cikin kuɗin wata, ba a ga dalilin allura mai tsada ba. Aka yi wa yarinya ta sarƙe-haƙora, aka ce da uban ko dai ya sayo ɗayar da kuɗinsa, ko ya komo da safe. Wata ya yi nisa, aljihunsa ba kome. Ya goya 'yarsa ya koma gida, yana ta gode wa Allah da abin ya tsaya a ƙarami, don dai haka ya ji an ce.

Dattijon ya karanta katin sau biyu. Abin da ya tsaida shi wani ɗan layi ne da nas ta rubuta a gefe, cewa akwai jini a ɗankwalin yarinyar. Ga jini, ga lambar da ke cewa fata ba ta buɗe ba, ga cizo kuma babu mai cizon. Ƙa'idar aikinsa ba ta ba shi ikon gyara maganar likita ba, abin da aka rubuta shi yake juyawa, kuma wannan ƙa'ida daidai ce, don in akawu ya soma yin likitanci a bayan tebur ba a san inda abin zai tsaya ba. Saboda haka sai ya ɗauki katin ya fita. Ya iske likitan a bakin ƙofa ya rataya jaka zai tafi gida.

Ya ce, "Likita, sannu da aiki. Ka gafarce ni, minti ɗaya."

Likita ya ce, "Baba, lafiya? Wallahi tun jiya ban runtsa ba."

"Na sani. Yarinyar nan ta daren jiya, me ya cije ta?"

"Kare mana."

"To, karen bai shiga takarda ba. Kuma nas ta ce ta ga jini. Fatar ta huje, ko ba ta huje ba?"

Likitan ya karɓi katin ya duba, ya ce, "Ta huje, Baba, amma ɗan kaɗan ne, ko ɗinki ba ya buƙata. Ai na rubuta a yi mata allurar. Ba a yi ba?"

Dattijon ya ce, "Ba a yi ba. Waɗanda za su biya ba rubutunka suka gani ba, lamba suka gani. Ni ba ni da ikon ƙara ko wasali a kan abin da ka rubuta. In haƙori ya shiga, ka rubuta mini ya shiga, ka kuma rubuta mini na wane ne."

Likitan ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya jingina katin da bango ya rubuta.

Dalilin da ya sa dattijo mai ciwon gwiwa ya bar kujerarsa ya bi likita har bakin ƙofa saboda ɗigon jini biyu shi ne cewa ma'auni biyu ne suka haɗu a kan yarinyar nan, kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Littafin lambobi zurfin rauni yake aunawa. Ciwon haukan kare kuwa ba ruwansa da zurfi, nisa yake dubawa. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. In ta sami ƙofa ba ta bin jini, jijiya take kamawa ta yi ta hawa sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku, amma tana iya isa cikin mako guda, tana kuma iya kai shekara. Wanda aka ciza a diddige yana da doguwar hanya tsakaninsa da ajali, kuma a cikin wannan tazara ce allurar rigakafi ke shirya jiki ya tare ta. Wanda aka ciza a ka ko a fuska ko a wuya, hanyarsa gajeruwa ce, ga jijiyoyi kuma birjik a wurin. In kuwa ta isa, alamu suka bayyana, majiyyaci ya soma tsoron ruwa yana shaƙewa in ya ga moɗa, to, kusan ba a taɓa tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ba abin mamaki ba ne. Kan yaro ɗan shekara biyar daidai yake da bakin kare, kuma yaro kan ɓoye ƙaramin cizo don tsoron faɗa.

Saboda haka hukumar ta yi wa cizo nata rabo dabam, mataki uku. Na farko, dabba ta taɓa mutum ko ta lashi lafiyayyar fata, wannan wankewa ta isa. Na biyu, ta ɗan gatsa ko ta yi ƙwarzane ba jini, wannan sai an yi allurar rigakafi nan take. Ke nan ko da lambar da yaron ya ɗauka ta zama gaskiya, da dai an ambaci kare, da allura ta wajaba. Na uku, haƙori ko farce ya huda fata, ko yawu ya taɓa ido ko baki ko wani rauni, wannan bayan rigakafi har da wata allura ta garkuwa wadda akan tsiyaya a cikin raunin da kewayensa, ta riƙe ƙofa kafin jiki ya ƙera tasa garkuwar. Kuma inda wannan ta biyun ta yi ƙaranci, cizon ka da wuya da hannu suna cikin waɗanda aka ce a fara ba su. Ga shi nan, raunin da ya zauna a lambar farko, mafi sauƙi a babin raunuka, shi ne a sahun gaba a wancan littafi. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Da likita ya gyara rubutunsa, dattijon ya komo ya fitar da lamba uku: S01.0, buɗaɗɗen rauni a fatar kai; W54, kare; da Z20.3, watau mutumin da ya gamu da haɗarin ciwon haukan kare. Ya sa yaron kwamfuta ya nemo takwarorinsu a nasa jerin, ya tsaya a kansa har ya aika. Kafin azahar izni ya zo. Aka kira direban a waya, ya bar motar kamfani da iznin ubangidansa ya ɗauko 'yarsa, aka yi mata ta farko, aka rubuta masa ranakun da zai komo da ita, aka ja masa kunne kada ya tsallake ko ɗaya. Ta garkuwar ce ba a samu a asibitin ba. Tana da amfani ne kawai in an yi ta cikin kwana bakwai daga allurar farko, saboda haka mutumin nan ya yi kwana biyu yana bin kantunan magani na Wuse da Garki, waɗansu ma ba su taɓa jin sunanta ba. Da ya same ta, sai da matarsa ta karɓi adashinta kafin lokaci.

Shi kuwa karen, samarin unguwa sun same shi tun a daren Lahadi, sun kashe shi da duwatsu, sun jefa a kwazazzabo. A ganinsu sun yi taimako. Da an kama shi an ɗaure kwana goma, in ya kai yana lafiya, da hankalin kowa ya kwanta. Da kuwa an kai wa likitocin dabbobi kansa, da an iya auna ƙwaƙwalwarsa, aikin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato ta daɗe tana yi. Ba a yi ko ɗaya ba. Yarinya ta gama alluranta, ta shiga makaranta, kuma har abada ba wanda zai san ko daga bakin mutuwa aka fizgo ta, ko kuwa karen lafiyayye ne aka taka masa wutsiya. Wannan shi ne halin aikin rigakafi, in ya yi nasara ba ya barin shaida.

Da sauƙi a ɗora laifin duka a kan akawun kamfanin da ya ƙi ba da izni, amma ba za a yi masa adalci ba. Shi ma bai ga yarinyar ba. An aiko masa da lambar da ke cewa ƙwarzane, aka biyo ta da buƙatar allura mai tsada, kuma an ɗauke shi aiki ne musamman don ya tare irin wannan, domin kuwa ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai inda akan kumbura lamba don a kumbura takardar biya, a mai da ƙujewa tsagewa, a mai da zazzaɓi ɗaya biyu. Mai kati yana tsakanin wuta biyu, kamar malamin jangali na da, wanda mai shanu ke so ya rage, hakimi kuma na so ya ƙara. Wani lokaci daga cikin gida ake raɗa masa ya ɗan ɗaga lamba asibiti ya sami na sayen man injin wuta, wani lokaci daga waje ake komo masa da takarda a ce ya sauke. Dattijon ya ƙi duka biyun, bai kuwa yi farin jini ba saboda haka. Abin lura a nan shi ne cewa a ranar Litinin ɗin nan bai ɗaga lamba don ya taimaki talaka ba. Da fatar ba ta huje ba da bai rubuta S01 ba ko uban zai yi kuka a gabansa. Gaskiya ya cika, wadda aka faɗi rabinta da dare. Inda za a ga laifin masu kamfani shi ne rashin tambaya. Duk takardar da ta zo da kalmar cizo ba a faɗi mai cizon ba, kamata ya yi a ɗaga waya a tambaya kafin a ce a'a, balle cizo a kan yaro.

Akwai kuma teburi na biyu, na mai ƙidaya, wanda jama'a ba su cika tunawa da shi ba. Abin da ɗakunan kati suka tara shi ne ke hawa daki-daki, daga asibiti zuwa ƙaramar hukuma, zuwa sakatariyar lafiya ta Birnin Tarayya, har Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da cibiyar yaƙi da cututtuka ta NCDC. In aka rubuta rauni aka bar W54, kare ya ɓace daga lissafi. Mai tsara kasafi ya duba ya ga cizon kare kaɗan ne, sai ya sayi allura kaɗan, ko ya ƙi saye. Likitan dabbobi ya nemi kuɗin yi wa karnuka rigakafi, a ce ina shaidar akwai matsala? Alhali masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar kan yanke a wurin, kuma a kan wannan ne ƙasashen duniya suka sa wa kansu wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane ta hanyar cizon kare. Ke nan direban da ya yi kwana biyu yana yawo a Wuse da Garki, bashin waɗansu katuna yake biya, waɗanda aka rubuta shekarun baya ba a sa musu kare ba.

Duk da haka 'yar direban tana cikin masu sa'a, don ita tana da kati, tana da kamfanin da za a yi jayayya da shi. A 2025 waɗanda ke cikin inshorar lafiya a Nijeriya wajen mutum miliyan 20 ne, a ƙasar da jama'arta ta haura miliyan 200, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyata yake fitowa. Birnin Tarayya ba Maitama ce kaɗai ba, inda karnukan gadi ke da likitocinsu da takardun allurarsu. Akwai ƙauyukan Kwali da Kuje da Abaji da Bwari, inda karen farauta da na makiyaya da marar ubangida ke cin abinci a juji ɗaya. A can in kare ya ɗan kama yaro a ka, sai a kai shi wurin mai kemis ya shafa jan magani, ko a nemo gashin karen a ƙona a shafa tokar. Abin takaici shi ne mutumin da ya san in kare ya lashi ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai, shi ne ba a taɓa gaya masa ba cewa in kare ya ciji ɗansa, abu na farko shi ne ya wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, tun kafin ya nemi babur. Wannan wanki ba ya cin ko sisi, ba ya buƙatar iznin kowa, kuma yana rage haɗarin ƙwarai, ko da yake ba ya ɗauke allura. Irin waɗannan yara ba su da S00, ba su da S01. Sai in abin ya ɓaci ne suke shiga littafi, su shiga da lamba ɗaya tak, A82.

A cikin shekarunsa duka a ɗakin kati, sau huɗu dattijon ya rubuta A82. Kowane lokaci, bayan an ɗauki gawa, yakan zauna bayan an tashi aiki ya bi tsofaffin katuna da rajistar sashen gaggawa, ya ga ko mamacin ya taɓa zuwa tun ranar cizon. Uku daga cikinsu bai sami kome ba, ba su taɓa taka asibitin ba sai ranar da aka kawo su a ɗaure. Na huɗun yaro ne ɗan shekara bakwai, shi ya sami katinsa. Mako biyar kafin rasuwarsa an kawo shi da yamma, an rubuta ƙaramin ƙwarzane a goshi, an wanke an sa filasta, an sallame shi. A gurbin da aka tanada don faɗin abin da ya jawo raunin ba a rubuta kome ba.